Tun daga Sirte har yau: wa ya ci ribar faɗuwar Gaddafi?

Nasiru Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya 20 ga Oktoba, ranar da aka kashe Mu'ammar Gaddafi a Sirte a 2011, kuma kamar kowace shekara wayata ta cika da saƙon nan da ake ta turawa: wai a zamaninsa wuta kyauta, gida kyauta, ango da amarya gwamnati ke yi musu kayan ɗaki, babu mabaraci ko ɗaya. Ni ban taɓa taka Libiya ba. Abin da na sani, ina ɗan sakandare lokacin da ya zo Kano a watan Mayun 1997, zamanin Abacha, duk da takunkumin da ya hana jiragen ƙasarsa tashi. Rana ta gasa mu a bakin titi don kawai mu hango shi, kuma a ranar ji nake babu namijin duniya kamarsa.

Abin da ya sa na ta da maganar, ɗan yayata ya sayar da babur ɗinsa, ya ce Libiya za shi, wai har yanzu akwai ragowar arzikin Gaddafi. Ina roƙon waɗanda suka zauna can su faɗa mana gaskiya. Me ya faru, kuma me ya rage?

Auwal Ɗan Afirka:
Wa alaikumus salam Yaya Nasiru. Maganar gajera ce. Turawa sun kashe shi saboda mai, kuma saboda ya so Afirka ta tsaya da ƙafarta. A Sirte ɗin nan aka yi taron 9 ga Satumba 1999 wanda ya haifi Tarayyar Afirka. Shi ya riƙe ANC, ƙungiyar yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, lokacin da Amurka da Ingila ke kiran Mandela ɗan ta'adda, shi ya sa Mandela ya je har Tarabulus a 1997 bai saurari kowa ba. Ƙasa mai mutum wajen miliyan 6 tana haƙo ganga miliyan 1.6 a kullum, ya janyo musu ruwa daga ƙarƙashin sahara ta bututu har bakin teku. Ku dubi Libiya yau ku faɗa mini wa ya yi ƙarya.

Baba Ilu Agadas:
Salamu alaikum. Malam Nasiru, ni ganau ne. Shekara tara na yi ina aikin gini tsakanin Sabha da Tarabulus.

Auwal ɗana, rabin maganarka gaskiya ce. Burodi kamar kyauta, man mota ya fi ruwan gora araha, dinari ɗaya da 'yan kai kake ba da wa ka karɓi dala. Da kuɗin Libiya na gina gidan da nake ciki, na aurar da 'ya'ya biyu. Amma wannan daɗin na ɗan ƙasa ne, kuma ko cikin 'yan ƙasar, mutumin Bengazi bai ga abin da mutumin Sirte ya gani ba. Mu baƙi kuwa da asuba muke tsugunawa bakin hanya, kowa da alamar sana'arsa a gabansa, mai cebur, mai guduma, mai burushin fenti, har mota ta tsaya. Wani ya biya ka, wani ya ce gobe, kuma ba ka da inda za ka kai ƙara.

Daren 22 ga Fabrairu 2011 muna cikin wani kango mu goma sha ɗaya, muna kallon jawabinsa a ƙaramar talabijin. Yana buga teburi yana kiran masu bore ɓeraye, yana cewa za a bi su gida gida, "zanga zanga". Mu Hausawa muka ɗauka zanga-zangar da muka sani yake nufi. Sai wani Bazabarme da ya fi mu jin Larabcinsu ya ce a'a, zanga a bakinsu lungu ce, cewa yake lungu lungu za a bi a zaƙulo su. Ɗakin ya yi tsit. A ranar na san zama ya ƙare.

Abin da ya fi cin mu shi ne kalmar murtazaƙa, wato sojan haya. Da aka baza cewa Gaddafi ya ɗauko baƙaƙen fata su yi masa yaƙi, duk mai baƙar fata ya zama abin farauta. An tare mu a wani shinge, yara ne ƙanana da bindigogi. Suka sa muka tuɓe riguna suna duba kafaɗunmu ko akwai shatin igiyar bindiga. Ni kafaɗata duk kanta ce ta ɗaukar buhun siminti. Wani yaro ya ɗora mini bakin bindiga a nan, yana ihu. Na buɗe masa tafin hannuna, ya ga yadda siminti ya tsattsaga shi, sannan ya sauke. Kuɗin shekara biyu da na ɗinke cikin ƙugun wando, a nan suka tsaya. Biyu daga cikinmu aka wuce da su, har yau ba labari.

Amma don Allah kar a ce duk mutanen Libiya haka suke. Wani dattijo da na yi wa katanga shi ya ɓoye mu a gonarsa kwana ashirin, matarsa na aiko mana da makaroni da dare. Shi ya samo mana motar Sabha. Daga can Gatrun, Tummo, Madama, har Dirku, a saman babbar mota, mutum kan kaya, jarka ɗaure a gefe.

Hajiya Rabi Malama:
Sannu Baba Ilu, Allah Ya bayyana waɗannan bayin nasa biyu.

Auwal ƙanena, ina so ka riƙe suna ɗaya: Abu Salim. Kurkuku ne a Tarabulus. A watan Yunin 1996 aka harbe fursunoni kimanin 1,200 a cikinsa. Ba a faɗa wa iyalansu ba. Shekara da shekaru uwaye na kai abinci da tufafi ƙofar gidan yarin, masu gadi na karɓa, alhali 'ya'yan sun daɗe a ƙasa. Ni uwa ce, duk lokacin da na tuna wannan sai cikina ya juya. Lauyan waɗannan iyalai, Fathi Terbil, shi aka kama a Bengazi ranar 15 ga Fabrairu 2011, kuma fitowar da iyalan suka yi neman a sake shi ita ce farkon boren. Ba jirgin NATO ne ya fara fitowa titi ba, matan da aka hana gawar 'ya'yansu ne.

Mutumin nan ya karɓi mulki ranar 1 ga Satumba 1969 yana ɗan shekara 27, ya kifar da Sarki Idris, ya yi shekara 42. Ya haramta jam'iyyu, ya rataye ɗalibai a harabar jami'a, a 1984 aka rataye Sadiƙ Shuwaihidi a filin wasa a Bengazi ana nunawa a talabijin. In za mu ƙirga bututun ruwa, mu ƙirga wannan ma.

Auwal Ɗan Afirka:
Hajiya ban musa ba. To amma su wa suka naɗa Sarkozy, shugaban Faransa na lokacin, alƙali? A Disambar 2003 Gaddafi ya miƙa shirinsa na manyan makamai, Tony Blair ya je har tantinsa a 2004, Sarkozy ya bar shi ya kafa tanti a tsakiyar Paris a 2007. A lokacin ba su san da Abu Salim ba? Ƙuduri mai lamba 1973 da Kwamitin Sulhu ya zartar ranar 17 ga Maris 2011 cewa ya yi a kare farar hula. Ina kare farar hula a jefa wa ayarin motocin mutum bam yana gudu daga Sirte? Ko majalisar dokokin Ingila da kanta, a rahoton kwamitinta na 2016, ta ce an zuzuta barazanar da aka ce ana yi wa Bengazi. Obama ya ce rashin shirya abin da zai biyo baya shi ne kuskurensa mafi muni. Shi kuma Sarkozy a Satumbar 2025 kotun Paris ta yanke masa shekara 5 a shari'ar neman kuɗin kamfe daga Libiya, ko da yake ya ɗaukaka ƙara.

Hajiya Rabi Malama:
A nan ba mu da saɓani ko kaɗan. An ba su izinin tsare ƙofa, suka rushe gidan. Amma tunda ka kawo ƙudurin, ka faɗi sauran. Ƙasashe goma suka amince, biyar suka ƙaurace: Rasha, Sin, Indiya, Brazil da Jamus. Cikin goman nan akwai Najeriya, Afirka ta Kudu da Gabon. Ƙuri'a tara ake buƙata. Da ƙasashen Afirka ukun sun janye hannu, da bai wuce ba. Wannan ya daɗe yana ci mini rai, domin mun fi son mu ce Turawa, mu manta da hannunmu da ke cikin kwanon.

Kuma Tarayyar Afirka ta gwada sulhu. A watan Afrilu su Jacob Zuma da Amadou Toumani Touré na Mali da shugabannin Muritaniya da Kongo suka je Tarabulus, Gaddafi ya ce ya yarda da taswirarsu, washegari 'yan tawaye a Bengazi suka ƙi, don ba ta ce ya sauka ba. Wanda jiragen NATO ke bayansa me zai sa ya zauna sulhu?

Mahamat Injamena:
Gaisuwa ga manya. Ni ina karanta ku ina girgiza kai, domin mu a Cadi mun san Gaddafi ta wata fuska. Ya mamaye zirin Awzu da ke arewacin ƙasarmu, sojojinsa sun shigo har Injamena a 1980. Kawuna ya yi yaƙin Wadi Dum a 1987, inda aka kama Khalifa Haftar, wannan dai Haftar ɗin da ke riƙe da gabashin Libiya yau. Sai 1994 kotun duniya ta tabbatar mana da Awzu. Har yanzu nakiyoyin wancan yaƙin na cire wa makiyaya ƙafa a arewa. Jirgin kamfanin UTA na Faransa da ya tashi daga Injamena ranar 19 ga Satumba 1989 ya tarwatse a saman Tenere, mutum 170, kotun Faransa jami'an Libiya ta kama da laifi, har da surukinsa Abdullahi Sanusi.

Duk da haka, ban yi murna da yadda ya faɗi ba. Idriss Déby ya yi ta gargaɗi ba a ji ba. Shi kansa a Afrilun 2021 'yan tawayen FACT da suka taso daga kudancin Libiya ne suka yi ajalinsa. Da ransa ya cuce mu, da ya mutu ma ba mu huta ba.

Sulley Zangon Kumasi:
Mahamat ka taɓo wurin. Masu cewa shi uban baƙar fata ne su tambayi 'yan Gana da 'yan Najeriya da ke garin Zawiya na Libiya a Satumbar 2000. An kashe mutane, an ƙone masaukansu, aka kwaso dubbai a jirgi. Yayana na cikinsu, da jaka ɗaya ya sauka Akara. Sannan a 2010 a Rum ya ce Turai ta ba shi yuro biliyan 5 duk shekara ya tare mata baƙin haure, in ba haka ba za ta koma baƙa. Da mu yake ciniki. Madugan tawaye Charles Taylor na Laberiya da Foday Sankoh na Saliyo ma a sansanoninsa suka samu horo.

Nasiru Fagge:
Ni ma na tuna a Maris 2010, bayan rikicin Jos, ya ce a raba Najeriya biyu kamar Indiya da Pakistan, har aka janye jakadanmu. Na manta da wannan sai yanzu.

Ustaz Kabiru Tudun Wada:
Jama'a a yi mini haƙuri in shigo ta wani ɓangare. Ni ba masoyinsa ba ne. Mutumin da ya yi wa hadisi riƙon sakainar kashi, ya sauya kalandar Musulunci ya daina ƙirga ta daga Hijira, ba zan kira shi gwarzon addini ba, ko da ya gina masallatai ya yi Mauludi a Agadas a 2007. Amma abin da aka yi masa ranar 20 ga Oktoba haramun ne. An ciro shi da rai daga cikin kwalbati, yana jini, ya zama fursuna. Fursuna ba a kashe shi a bakin titi, ba a wulaƙanta shi. Aka kai gawarsa da ta ɗansa Mu'utasim ɗakin sanyi na ajiye nama a Misrata, mutane na layi da 'ya'yansu suna ɗaukar hoto kwana da kwanaki, sannan aka binne su a ɓoye cikin sahara. A otal ɗin Mahari na Sirte kuma aka tarar da gawarwaki fiye da 50, wasu hannuwansu a ɗaure. Duk ana yi ana kabbara. Wallahi ranar na kasa cin abinci. Da an kai shi kotu, da iyayen Abu Salim sun ji daga bakinsa inda aka zuba 'ya'yansu.

Auwal Ɗan Afirka:
Allah Ya saka da alheri Ustaz. To in shi ne matsalar, me ya sa da ya tafi ba a gyaru ba?

Hajiya Rabi Malama:
Wannan ita ce tambayar, kuma amsarta ce ta sa na kasa yafe masa. Auwal, a Tunisiya Ben Ali ya gudu, amma ya bar soja, ya bar kotu, ya bar ƙungiyar ƙwadago. Gaddafi da gangan ya hana komai tsayuwa. Da juyin mulki ya zo, don haka ya raunana rundunar soja, ya zuba makamai da kuɗi a rundunonin 'ya'yansa, irin Birged ta 32 ta Khamis. Babu tsarin mulki, babu jam'iyya, babu majalisar da ke da haƙori, sai kwamitocin juyin juya hali da Koren Littafi, wato littafin aƙidarsa. Ƙabila kuma ya ɗaga wannan ya danne waccan. Shi kaɗai ne ginshiƙin ɗakin. Da aka zare shi, rufin ya rufto kan kowa.

Mutanen Libiya sun yi ƙoƙari fa. Ranar 7 ga Yuli 2012 sun yi zaɓe lafiya, mata na guɗa a layi. Amma kowane gari da katibarsa, wato rundunar mayaƙansa, Misrata da tata, Zintan da tata, kuma gwamnati maimakon ta karɓe bindigogi sai ta sa masu riƙe da su a albashi. Nan take yawan "'yan juyin juya hali" ya ninka. A Mayun 2013 suka kewaye ma'aikatu da motoci masu bindiga har aka yi dokar da ta kori duk wanda ya riƙe babban muƙami a zamanin Gaddafi, wato kusan duk wanda ya san yadda ake tafiyar da ofis. Zuwa 2014 gwamnati biyu, majalisa biyu. ISIS ta riƙe Sirte daga 2015 har Disambar 2016. Haftar ya tasam ma Tarabulus a Afrilun 2019, Daular Larabawa da Masar da 'yan Wagner, sojojin haya na Rasha, na bayansa, Turkiyya na bayan ɗaya ɓangaren, sai Oktoban 2020 aka tsagaita wuta. Zaɓen da aka sa ranar 24 ga Disamba 2021 ba a yi shi ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne garin Darna na gabashin Libiya. Satumbar 2023 madatsun ruwa biyu suka ɓalle da tsakar dare, ruwa ya kwashe unguwanni ya zuba a teku, sama da mutum 4,000 aka tabbatar, dubbai ba a gan su ba. Madatsun nan sun tsage tun zamaninsa, kuma waɗanda suka gaje shi ma ba su gyara ba. Laifin wa za ka ce?

Sulley Zangon Kumasi:
A ƙara da Tawarga, Hajiya. Gari guda na baƙaƙen fata 'yan asalin Libiya, mutum dubu talatin ko fi, mayaƙan Misrata suka kore su kaf a Agustan 2011, wai sun taya Gaddafi yi wa Misrata ƙawanya. Shekaru suka yi a sansanoni cikin ƙasarsu.

Habu Gusau:
Ni dai abin da na sani, kafin 2011 ɓarawon shanu a wajenmu da sanda da adda yake zuwa, in ya yi ƙarfi bindigar toka. Yau ƙauyen kakannina babu kowa. Ba daga Libiya wannan masifar ta zo ba?

Baba Ilu Agadas:
Malam Habu, Allah Ya kawo muku sauƙi. Wani ɓangare daga can ne, ba na musu. Rumbunan makamai a buɗe aka bar su, ba mai gadi. Mu a Agadas mun ga ayarin motoci na shigowa a Satumbar 2011, cikinsu har da Sa'adi ɗan Gaddafi, wanda ya zauna Yamai sai Maris 2014 aka mai da shi. Nijar ta karɓe makaman waɗanda suka shigo mata gwargwadon iko. Waɗanda suka bi ta Mali da kayansu suka isa. Muhammad Ag Najim kanar ne a sojan Libiya, shi ya jagoranci mayaƙan MNLA, 'yan tawayen Abzinawa na arewacin Mali, suka far wa Menaka ranar 17 ga Janairu 2012. Cikin Maris soja suka kifar da Toumani Touré, kafin ka ce kwabo Kidal da Gao da Tumbutu sun tafi. Mu ma ranar 23 ga Mayu 2013 aka tayar da bam a barikin soja na Agadas da kamfanin yuraniyom na Arlit. Tagogin gidana sun girgiza.

Amma kar mu ɗora wa Libiya duka. Boko Haram ta yi babban tashinta a Yulin 2009, Gaddafi na kan mulki. Bindigogi da yawa da ke dajinku daga barikokinmu suka fita, wasu ƙwace, wasu saye. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Habu Gusau:
Haka ne Baba. Zafin abin ne ke sa mutum neman wanda zai nuna da yatsa.

Auwal Ɗan Afirka:
Na ji duka, kuma Abu Salim ban san shi haka ba sai yau. Amma har gobe ina kan cewa da an bar 'yan Afirka sun yi sulhun nan na Afrilu, da ba a kai nan ba.

Mahamat Injamena:
Mai yiwuwa, ɗan'uwa. Sai dai mutumin da ya ce shi ba shi da muƙamin da zai sauka daga kai, ban san ta inda za a fara sulhu da shi ba.

Nasiru Fagge:
Na gode ƙwarai. Baba Ilu, saura maganar yaron nan. Me zan ce masa?

Baba Ilu Agadas:
Ka ce masa aiki akwai, ban ɓoye ba, har yanzu yaranmu na zuwa suna aiko da kuɗi. Amma dinarin yau ba na da ba ne, kuma babu hukuma ɗaya da za ta tsaya masa. Ka tambaye shi ko ya san gidan bashi. A Sabha direba zai sayar da shi ga mai gida a kan wai bai cika kuɗin mota ba. Za a kulle shi, a kira lambar uwarsa, a riƙa dukansa da tiyo tana ji ta waya har sai ta sayar da abin da ta mallaka. Ɗan maƙwabcina haka aka yi masa, uwar ta sayar da awakinta bakwai da gadonta na aure, ya dawo hannunsa na hagu ba ya miƙewa. Bidiyon da CNN ta nuna a Nuwambar 2017 ana gwanjon mutane dala 400, mu mun riga mun sani tun kafin su nuna. Wanda 'yan sintirin teku suka kamo kuma sai kurkukun baƙi, irin na Tajura da aka jefa wa bam a Yulin 2019, mutum 53 suka mutu a kulle.

Kuɗin babur ɗin suna hannunsa ko ya riga ya ba ɗan kamasho?

Nasiru Fagge:
Ya ba da rabi, Baba. Ya ce motarsu ranar Litinin za ta tashi daga Agadas.

Baba Ilu Agadas:
To rabin nan ya tafi, kar ya bi shi. Ka haɗa ni da shi yau bayan isha'i, uwarsa ma ta zauna kusa. Zan kira ɗan maƙwabcin nawa ya zo ya yi masa bayani da bakinsa.